Godiyarmu ga Mutanen Gaɓar Saadani

Alhamdulillahi. Jiya aka kwance wa 'yar autarmu bandeji na ƙarshe, ta taka da ƙafarta tun daga ɗakin likita har bakin mota, babu mai riƙe ta. Tun ranar da wani kifi mai dafi ya sare ta a gaɓar teku nake ɗauke da wannan godiya a raina, sai yanzu hankali ya kwanta har na iya zama in rubuta ta.

Hutu ne ya kai mu Tanzaniya, ni da maman yara da 'ya'yanmu uku. Muka zaɓi gandun dajin Saadani, arewa da garin Bagamoyo, saboda an ce mana a can daji da teku suke haɗuwa, kuma haka muka tarar. Gandun ya haura murabba'in kilomita 1,000, a 2005 aka ɗaga shi ya zama gandun namun daji na ƙasa, kuma gabashinsa gaba ɗaya Tekun Indiya ne, da tsibirin Zanzibar can tsallake. Da hantsi mun ga raƙuman dawa da ɓauna, da la'asar mun shiga jirgin ruwa a Kogin Wami muna kallon dorina da kada. Amma gaɓar ita ta fi kama min zuciya. Sai ka yi tafiyar rabin sa'a a kan rairayi ba ka haɗu da kowa ba, daga ƙaguwa masu tserewa cikin ramukansu sai sawun birai da suka sauko da asuba.

Rana ta uku da safe ruwa ya janye. A wannan gaɓar sau biyu yake janyewa a yini da kwana, kuma idan ya tafi yakan yi nisa sosai, ya bar fili da 'yan kududdufai masu ɗumi. Yara suka ruga ciki ba takalmi. Ban tambayi kowa ba kafin in bar su, wannan kam laifina ne. Ina tsaye ina kallon wani kwalekwale sai na ji ƙarar da ban taɓa jin irinta daga bakin yarinyar nan ba. Kafin in isa ta zube, jini yana bin ruwa daga saman idon sawunta.

Mutum na farko da zan gode wa ban san sunansa ba. Dattijo ne masunci, yana gyaran koma kusa da kwalekwalensa, irin mai katako biyu a gefe da suke kira ngalawa. Ya jefar da komar ya sheƙo, ya dubi raunin sau ɗaya ya ce "taa". Ashe sunan wani kifi ne mai faɗi kamar faifai, da yake binne kansa cikin rairayi, yana da doguwar wutsiya mai ƙaya da dafi. Ba ya neman kowa da faɗa, sai an taka shi yake kai sara. Ni da ruɗewa na kama ɗankwalin mamanta zan ɗaure ƙafar tamau, dattijon ya riƙe hannuna yana girgiza kai. Ya wanke raunin, ya danne shi da tsabtataccen ƙyalle har jinin ya lafa, ya saɓe ta a kafaɗa ya nufi inuwa da ita yana ƙwala wa matarsa kira.

Ita kuma baiwar Allah ta sauke tukunyar da ke kan murhu ta ɗora ruwa. Ta surka shi a bahon roba, ta tsoma gwiwar hannunta ta gwada, sannan ta sa ƙafar yarinyar ciki. Duk lokacin da ya fara hucewa sai ta ƙara. Ba ma jin harshen juna, amma kalma ɗaya take ta nanatawa tana shafa kan 'yata: "pole, pole", wato sannu. Cikin minti goma kukan ya koma shessheƙa. Daga baya likita ya tabbatar mana abin da ya dace ke nan: ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, wajen digiri 45, na tsawon minti 30 zuwa 90, domin zafi yana karya raɗaɗin wannan dafin. Baba da Mama, abin da kuka yi wa 'yar da ba ku sani ba, Allah Ya yi wa zuri'arku fiye da shi. Na miƙa muku abin da ke aljihuna kuka ƙi karɓa, har yau yana damuna.

Sai ma'aikacin gandun da ya iso da rediyonsa. Shi ya kira mota, kuma da ya ga za ta ɗauki lokaci sai ya durƙusa gaban yarinyar ya shiga ɗauke mata hankali. Ya tambaye ta ko ta taɓa ganin kasa. Ta zabura ta ƙanƙame mamanta, don mu a wurinmu kasa maciji ce. Da ya fahimta sai ya ɗauki tsinke ya zana mata kunkurun teku a rairayi, ya ce shi ne kasa a Suwahili. Daga nan ya ba ta labarin gaɓar Madete da ke arewacin gandun, inda macen koren kunkurun teku ke fitowa da dare ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai sama da 100, ta rufe, ta koma ruwa ba waiwaye. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fasa su fito, su bi hasken da ke kan teku. Shi ya sa ba a haska musu fitila, don tana juya su su nufi daji. Ya ce ɗumin rairayin ne ke sa su zama mata ko maza, inda ya fi ɗumi mata sun fi yawa, kuma wadda ta rayu, bayan shekaru masu yawa yankin da aka ƙyanƙyashe ta za ta dawo ta yi nata ƙwan. Yarinya da ƙafa cikin baho, hawaye bai bushe ba, tana tambayarsa wa ke gadin ƙwan da dare. Ya nuna ƙirjinsa.

Wannan amsar ta tsaya min a rai. Shirun da muka je nema a gaɓar nan, da tsabtar rairayin, akwai mutanen da suke kwana a waje dominsu, sauro na cizonsu, kuma yawancin baƙi ba ma ko tambayar sunansu. Malam, na gode da haƙurinka, na kuma gode da ka koya wa yayyenta jan ƙafa a ƙasa idan suna tafiya cikin ruwa mara zurfi, don kifin ya ji motsi ya gudu tun kafin a taka shi.

Direbanmu ya sha fama. An yi ruwan sama daren, baƙar ƙasar wurin ta zama laka mai santsi, sau biyu muna kafewa, sau biyu samarin ƙauye suna fitowa su tura mu har tufafinsu suka ɓaci. A asibiti aka ɗauki hoton ƙafar, aka ciro wani ɗan guntun ƙaya da ya karye a ciki, aka yi mata allurar tetanus aka ba ta maganin hana ƙwayoyin cuta. Ma'aikaciyar jinyar da ta zauna da mu bayan lokacin tashinta ya wuce, Allah Ya saka miki da alheri.

'Yan uwa da abokan arziki da kuka yi ta kira, da masu turo saƙo, da waɗanda suka yi mana addu'a ba mu sani ba, mun gode ƙwarai. Waɗanda ban samu ɗaga wayarsu ba a kwanakin nan, a yi min afuwa. Hajiya, kin kwana biyu ba barci saboda jikarki, Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Auta za ta koma makaranta ranar Litinin, in Allah Ya yarda. Ta zana kunkurun teku da fensir mai launi, ta rubuta "kasa" a ƙasansa, ta ce na mai gadin ƙwai ne. Idan akwai mai shirin zuwa Saadani a cikinku, don Allah ya yi min magana in ba shi ya kai masa.