Daga Kano Zuwa Tsaunin Mambila A Cikin Ƙaramar Jimny

Ɗan baffana yana koyarwa a wajen Mayo Ndaga, can saman tsaunin Mambila a jihar Taraba, kuma da haihuwar farko ta zo gidansa sai dangi suka ɗora mini kai gaisuwar barka. Motata Suzuki Jimny ce, samfurin da aka yi ta ƙerawa daga 1998 zuwa 2018, mai inji lita 1.3. Duk wanda na gaya wa da ita zan hau Mambila a ƙarshen damina sai ya ce in nemi babbar jif. Ni kuwa na san abin da ke ƙarƙashinta: shasi mai siffar tsani irin na manyan motocin daji, aksil na ƙarfe guda a gaba da baya, da giyar taimako mai rage gudu ta ƙara ƙarfin ja, ga nauyinta bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. Gyara take buƙata kawai, kuma gyaran na hankali.

Na kai ta wurin wani dattijon makanike a kusa da Ƙofar Ruwa, na ce ina so a ɗaga ta sosai. Ya shiga ƙarƙashinta, ya ɗora hannu a kan dif, wato tulun nan da ke tsakiyar aksil.

"Alhaji, ko sama ka kai jikin motar, wannan yana nan inda yake," in ji shi. "Sifirin jiki yake ɗagawa. Taya ce kaɗai ke ɗaga aksil daga ƙasa."

"To Baba, me za a yi?"

"Inci 2 ya ishe ta. Sauran kuɗin ka sa a taya da faranti."

Haka aka yi. Aka sa sabbin sifirin da shokazoba masu ƙarin milimita 50, aka canza bushin hannayen da ke riƙe aksil na gaba don sitiyari ya ci gaba da dawowa daidai, domin ɗaga mota yana karkata kusurwar aksil ɗin, sai ta riƙa yawo a kan titi. Aka sa tiyon birki masu tsawo don kada su tsinke idan taya ta faɗa rami. Ya kuma duba boris ɗin da ƙafafun gaba ke juyawa a kansu, saboda wannan samfurin an san shi da karkarwar sitiyari mai tsanani idan sun ci, kuma manyan tayoyi ƙara tsananta ta suke yi.

Tayoyin asali 205/70 R15 ne, muka koma 215/75 R15 masu manyan haƙora. Bambancin tsayinsu kusan milimita 35 ne, ke nan abin da dif ya samu bai kai santimita 2 ba. A ido kaɗan ne, amma a kan hanyar da manyan motoci suka haƙa layi biyu suka bar tudu a tsakiya, wannan ɗan ƙarin shi ke raba wanda ya wuce da wanda ya kwana. Kuma ba a banza ake samunsa ba: motar ta ɗan rage kuzarin tashi, agogon gudu kuma ya koma nuna ƙasa da gaskiya da kusan kashi 5 cikin 100.

Aikin da na fi jin daɗinsa shi ne na mai walda. Ya yanka faranti ya rufe akwatin giyar taimako, wanda yake rataye a tsakiyar cikin motar, ya yi wa mariƙan hannayen aksil takalmin ƙarfe, ya kare tankin mai. Dukansu da noti aka ɗaure su, ba a liƙe da wuta ba, kuma an huda su don laka da ruwa su samu mafita. Sai aka ja siririn tiyo daga hancin numfashin kowane dif zuwa sama cikin ɗakin inji. Na ƙi bambar ƙarfe, na ƙi kariyar ɗora kaya a kan rufi. Ƙarfin wannan mota rashin nauyinta ne, kuma ina ganin kuskure ne babba mutum ya loda mata ƙarafa har ya kashe abin da ya sa ya saye ta.

Ni da ƙanena muka tashi bayan asuba, muka bi ta Gombe, Kaltungo, Numan, muka sauka Jalingo. Wannan ɓangaren babu abin faɗa sai gurnanin tayoyi a kan kwalta da tsayawa shan mai akai-akai, tunda tankin lita 40 ne kawai. Daga Jalingo muka yi kudu ta Garba Chede da Bali zuwa Serti, inda hedikwatar Gandun Dajin Gashaka Gumti take, gandun da ya fi kowanne girma a Nijeriya. A nan muka cika jarkoki, muka kwantar da su a ƙasan motar bayan kujeru, muka ɗaure tam.

A Mayo Selbe ake fara hawan gaske. Titin yana nannaɗe jikin dutsen, kwana bayan kwana, gefe ɗaya bango, ɗaya gefen kwari mai zurfi. Nan na ji kuɗin da manyan tayoyi suka karɓa, don giya ta biyu na zauna a kai kusan duk hawan. Tsaunin kansa yana wajen mita 1,600 sama da teku, iska ta yi sirara, kuma injin da ba shi da tabo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, yana rasa wani kaso na ƙarfinsa a irin wannan tsayi. A kowace kwana jikin motar yakan ɗan kwanta fiye da yadda na saba, abin da ya sa na gode wa Baba makanike da ya tsayar da ni a inci 2. Mota gajera, siririya, idan aka miƙar da ita sama da yawa, kifewa ba ta yi mata wuya.

Da muka kai sama sai duniya ta canza. Tuddai kore shar iya ganinka, babu daji, sai jerin itatuwan turare kewaye da gidaje, da shanun Fulani jajaye masu dogayen ƙahoni suna kiwo cikin hazo. Sanyi ya sa muka nemo rigunan da muka ɗauka ba za mu taɓa ba. Muka wuce Maisamari, muka sha shayi a Nguroje, shayin da ake noma ganyensa a nan Kakara. Fulatanci ne ya fi yawa a kasuwa, amma Hausa ta kai mu duk inda muke so. Yankin nan ya shigo Nijeriya ne bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, kuma har yau sunan Sardauna ƙaramar hukumar take ɗauke da shi, da hedikwata a Gembu.

Daga Nguroje muka bar kwalta. Na tsaya na rage iskar tayoyi don su shimfiɗu su kama ƙasa, sannan na sa ƙafa huɗu, wato inji ya riƙa juya duka tayoyin huɗu. A kan kwalta ban taɓa sa ta ba, domin motar ba ta da dif na tsakiya, kuma busasshen titi zai murɗe mata ƙarafa. Jar ƙasar Mambila idan ta sha ruwa santsinta kamar miyar kuɓewa, kuma a nan haƙoran tayoyin suka biya kuɗinsu. Tsofaffin Land Rover ne sarakunan wannan hanya, maƙare da buhunan masara da fasinja har kan rufi, su ne suka haƙa layukan da muke bi. Faɗin Jimny bai kai nasu ba, don haka sau da yawa nakan ɗora taya ɗaya kan tudun tsakiya, ɗaya a gefe, in bi a hankali da giyar taimako.

A wani gangare da ruwa ya zaizaye, dutse ya ɓuya a cikin laka. Ƙarar da ta tashi daga ƙarƙashinmu sai da ƙanena ya yi salati. Na sauka na leƙa. Farantin akwatin giya ya loɓa, dutsen ya bar masa doguwar tsaga, amma ko ɗigon mai babu. Wani direban Land Rover da ya tsaya a bayanmu ya durƙusa ya duba tare da ni.

"Yallaɓai, wa ya yi maka wannan aikin?"

"Wani mai walda ne a Kano."

"Allah Ya yi masa albarka. Da babu shi, yau sai dai mu ja ku."

Shi ne ya shige gaba ya nuna mana inda ake tsallake rafin da ke ƙasa. Ruwan ya kai tsakiyar taya, mai sanyi ƙwarai. Dif mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi, iskar cikinsa takan tsuke ya zuƙo abin da ke bakin hancinsa, kuma ruwa a cikin man giya ajalin haƙoran ƙarfe ne. Tiyon nan da bai fi kuɗin kwanon abinci ba shi ya hana hakan. Can gaba kuma akwai wata gadar katako da direban ya sauke fasinjansa kafin ya hau, mu kuwa muka haye da kayanmu a ciki.

Mun isa ana kiran magariba, ɗan baffana da maƙwabtansa suna tsaye a ƙofar gida, yara suka kewaye motar suna leƙen ƙarƙashinta. Aka kawo tuwon masara da zuma da kindirmo, aka miƙo mini jaririn a nannaɗe cikin bargo biyu, na yi masa addu'a a madadin dangin Kano.

Kafin mu juyo sai da muka biya Gembu, inda wani makanike ya wanke lakar da ta cushe tsakanin faranti da akwatin giya, ya buɗe notin kowane dif ya ga man yana nan tas bai yi fari ba, ya ƙara ɗaure notocin sifirin, ya daddaki farantin da ya loɓa ya miƙe. Muka mayar da iskar tayoyi yadda take, muka kama gangaren Mayo Selbe da giya ta biyu don kada birki ya yi zafi.