Kafin a yanke wa batir hukunci

Idan waya ta ƙi ɗaukar caji, ko kwamfutar tafi-da-gidanka ta nuna an jona ta da wuta amma cajin bai motsa ba, yawancinmu nan take muke cewa batir ya mutu. Wannan gaggawa tana damuna ƙwarai, domin tana cinye kuɗin mutane ba gaira ba dalili, alhali sau da yawa laifin yana wani wuri mai arha.

Igiyar caja ce ta fi saurin lalacewa, musamman a wuyanta inda take lanƙwashewa, saboda haka a ari wata igiyar da wani kan caja da aka tabbatar suna aiki, a kuma sauya soket. Daga nan sai a haska ramin cajin da tocila. Ƙurar hunturu da zaren aljihu sukan taru a can ciki su danƙare, har kan igiyar ya kasa shiga sosai, shi ya sa ake ganin mutum yana karkata ta ko yana danne ta da littafi kafin caji ya kama. A kashe wayar, a kwashe dattin a hankali da tsinken sakace. Kada a kuskura a sa allura, domin ƙarfe na iya haɗa wuta ko ya karya siraran haƙoran da ke ciki.

A kwamfuta kuwa lissafi ne ke aiki. Caja ta waya ta gama-gari bolt 5 take bayarwa, yayin da yawancin kwamfutoci ke neman bolt 19 zuwa 20 da ƙarfin wat 45, 65 ko 90, kuma ana rubuta wannan a jikin caja, galibi har da ƙasan kwamfutar. Wanda ya jona caja mai wat 45 ga na'urar da ke buƙatar 90 zai ga caji yana tafiyar hawainiya, ko ma yana raguwa idan ana aiki mai nauyi. Haka nan kamannin bakin USB-C, wato bakin igiyar caja mai shiga ta kowane gefe, yana ruɗar mutane: igiyar da ba ta da ɗan guntun na'urar da ke shaida wa caja ƙarfin wutar da take iya ɗauka a cikinta ba ta wuce wat 60, ko da kan cajar ya fi haka ƙarfi. Wasu kwamfutocin kuma an saita su ne su tsaya a kashi 60 ko 80 cikin ɗari don batir ya daɗe, don haka a leƙa saitin kafin a ɗauki hanyar shagon mai gyara.

Zafi ma yana da hannu. Batirin litiyam ba ya son caji idan zafinsa ya haura maki 45 a ma'aunin Salsiyas, kuma na'urar da kanta takan rage ko ta dakatar da cajin. A watannin Maris da Afrilu, waya a cikin rigarta, a kan katifa, a ɗaki mai rufin kwano, ba ta da wuyar kaiwa nan. A cire rigar, a ajiye ta a kan siminti a inuwa, a jira ta huce.

Wuri ɗaya ne ban yarda da jinkiri ba. Idan bayan waya ya ɗago, ko gilashinta ya fara rabuwa da jikinta, ko wurin shafa yatsa na kwamfuta ya tudu, batirin ya kumbura ke nan, kuma yana iya kamawa da wuta. A zare caja nan take, kada a danna shi ko a huda shi, a kai wa ƙwararren mai gyara ya sauya shi.