Harajin Hayaƙi a Kanada: Biya Dole, Karɓa Sai Ka Sani

Duk wanda ya sauka a ƙaramin gari irin Brooks a lardin Alberta, inda baƙi da yawa ke aiki a mayankar shanu, abu na farko da zai gane shi ne ba ɗan acaɓa, ba motar haya da za ka tsayar a bakin titi. Sanyi kuma yakan kai 30 ƙasa da sifili. Mota dole, ɗumama ɗaki dole. Kan waɗannan biyun harajin hayaƙi ya sauka, wato harajin da aka ɗora wa fetur da gas saboda hayaƙin carbon da suke fitarwa.

Gwamnatin tarayya ta fara shi a 2019 da dalar Kanada 20 kan kowane tan na hayaƙi, ya hau har dala 80 a Afrilun 2024. A lokacin, a gidan mai, kusan santi 17.6 ke nan kan kowace litar fetur, gas ɗin ɗumama gida kuma wajen santi 15 kan kowace kubik mita. Ba wanda ke tambayarka, yana cikin kuɗin da ka biya.

A takarda tsarin bai da laifi. A lokacin, kusan kashi 90 na kuɗin ana mayar wa gidaje sau huɗu a shekara: Afrilu, Yuli, Oktoba da Janairu. Daga Afrilun 2024, iyali mai mutum huɗu a Alberta sun riƙa karɓar dala 450 kowane zango, na karkara kuma a ƙara musu kashi 20, wato 540. Mai ƙaramin albashi da ƙaramar mota yakan samu fiye da abin da ya kashe, tunda mai babban gida ya fi shi ƙona mai.

Takaicinmu a nan yake. A wancan lokacin kuɗin ba ya zuwa sai ka cike takardar harajin shekara, ko da ba ka samu ko sisi ba. Sabon zuwa sai ya aika fom ɗin neman kuɗin, mai suna RC151. Ƙarin karkara kuma wani ɗan akwati ne a shafi na biyu na takardar harajin, in ba ka sa masa alama ba ya wuce ka. Wa zai gaya wa baƙo? A gida maƙwabci zai leƙo ya ce, "Malam, ka je ka karɓi naka?" A nan kowa ya rufe ƙofarsa. 'Yan uwa da yawa sun biya harajin cif, rabonsu bai iso ba, ga kunyar tambaya kada a ce baƙauye ne.

Sai a Oktoban 2023 Firaministan Kanada na lokacin, Justin Trudeau, ya ɗage harajin shekara uku kan man ɗumama gida, wanda mutanen gabar Atlantika suka fi amfani da shi. Mu masu gas aka bar mu da shi. Daga 1 ga Afrilu 2025 Mark Carney, Firaministan da ya gaji Trudeau, ya soke harajin a kan jama'a, kuɗin mayarwar ma ya tafi tare da shi. Talakan da ya iya cike takarda shi ya yi asara.

Duk da haka, in ka kira gida bakinka mutuwa yake yi. Tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai a Najeriya, kuɗin kai buhun masara kasuwa ya ninka, injin ban ruwa na Baba a fadama yana shan fetur ɗin da ya fi ƙarfinsa. Inna ba ta tambayar sanyi yanzu. Tambayarta ita ce ko za a ƙara abin da ake turowa a wata, don kuɗin motar zuwa asibiti a birni ya kusa kai kuɗin maganin.