Shekara tara a bakin aiki, amma PMP ta kayar da ni

Da sakamakon ya fito a kwamfuta, na daɗe a zaune ban motsa ba. Shekara tara ina jagorantar aikin haƙa rijiyoyi daga Dakoro har Madarunfa, ga shi jarrabawar PMP, ta samun takardar shaidar ƙwarewa a jagorancin ayyuka, ta kayar da ni. Tambayoyi 180 cikin minti 230, kuma da Faransanci na amsa, balle in ɗora wa harshe laifi. Girman kai ne. Tun da na gama awa 35 na horon da cibiyar PMI ta Amurka ta wajabta, ban sake buɗe littafi ba.

Abin da ya kayar da ni, shi ne dai ya taɓa zubar mini da mutunci a buro.

A wani ƙauye arewa da Dakoro, mai gari ya roƙe ni a matso da rijiyar burtsatse kusa da gari, don mata su huta da tafiya. Na kira shugabana a waya, ya ce, "Malam, yi kawai, kai ke wurin." Muka matsar. Kwanaki injin yana huda ƙasa, mata na tsaye da jarkokinsu suna kallo, ba abin da ya fito sai ƙura. Ranar taro da masu ba da kuɗin aikin, shugaban nan nawa ya dubi idona ya ce, "Wa ya ba ka izini?" Ba ni da takarda ko ɗaya. Ba a sabunta mini kwangila ba. Shi yana nan kan kujerarsa har gobe.

To, jarrabawar cike take da irin wannan tambaya: an nemi canji ana tsakiyar aiki, me za ka fara yi? Ni kullum sai in zaɓi amsar mutumin daji, a yi a wuce. Masu jarrabawar kuwa so suke ka fara auna abin da canjin zai ci na kuɗi da lokaci, ka rubuta buƙata, masu hurumi su sa hannu.

Karo na biyu, wata huɗu na yi ina karatu bayan sallar asuba. Tsarin ajail, na yin aiki gaɓa-gaɓa, daga tushe na koye shi. Na aro batirin sola saboda ɗaukewar wuta. Na ci, alhamdulillahi.

Yaran da ke ƙarƙashina yanzu suna cewa na cika son takarda. Jiya ma na mayar da ɗaya daga bakin mota ya samo sa hannu.