Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Wake 400 a Kan Faranti

Makon jiya mun tsaya a inda aka ɗora mini koya wa ɗaliban likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai yadda ake karanta takardar bincike. Yau darasin kansa zan shimfiɗa muku.

Wahalar farko ta harshe ce. Takarda da Ingilishi take, ɗalibi da Faransanci ya yi karatu, uwar da zai yi wa bayani kuwa Hausa ko Zabarmanci take ji. A tsakanin nan lamba ke ɓacewa.

Takardar da ta fi dacewa da ajin Yamai ita ce ta binciken MORDOR, wadda ta fito a 2018, don a ƙasarmu aka yi wani sashensa, a Boboye da Loga cikin jihar Dosso, sauran a Malawi da Tanzaniya. An riƙa ba yara 'yan wata 1 zuwa wata 59 azitromisin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, sau biyu a shekara, har shekara biyu, don a ga ko mutuwar yara za ta ragu.

Kafin komai, ɗalibi ya rufe taƙaitawar shafin farko da hannunsa. Wanda ya fara da ita ya riga ya sha ra'ayin marubutan. Ya je sashen da ya faɗi yadda aka yi aikin, ya nemo yadda aka raba mutane. A nan ƙuri'a aka jefa, kuma kan ƙauyuka aka jefa ta, ba kan yara ɗaya-ɗaya ba: wannan ƙauye ya samu magani, wancan ya samu ruwa mai kama da shi wanda babu maganin a ciki, ba tare da iyaye ko masu ƙidaya sun san wanne ne ba. Abin da aka ƙirga kuma mutuwa ce, wadda ba ta karɓar gardama.

Sai a zo kan sakamako, inda kusan kowa ke tuntuɓe. Mutuwa ta ragu da kashi 13.5 cikin ɗari a ƙasashen uku haɗe, a Nijar da kashi 18.1, a Malawi 5.7, a Tanzaniya 3.4. Na Malawi da Tanzaniya tazararsu ta tabbaci (iyakokin da ake sa ran ainihin lambar na ciki) ta ratsa sifili, wato mai yiwuwa dace ne kawai. Ɗalibi mai zumuɗi kan ce, "Dokta, ke nan yara 18 cikin ɗari aka ceta." A'a. A Nijar, cikin yara 1,000 a shekara, kimanin 27.5 suka rasu inda ba a ba da maganin ba, 22.5 inda aka bayar. Bambancin yara 5 ne cikin 1,000. Sai an ba yara 200 na tsawon shekara kafin a tsirar da ɗaya.

Alli ba ya shigar da wannan kai, wake ke shigar da shi. A ƙirga farin wake a faranti biyu, 400 a kowanne, a matsayin yara. A na farko a musanya 11 da ja, wato waɗanda suka rasu, a na biyu 9. Ɗalibai su sunkuya su nemo bambancin da ido. Sukan yi shiru, wani ma ya ce ashe abin bai taka kara ya karya ba. Shi ma ya yi kuskure: wake biyun nan, in aka ninka su da yawan yaran Nijar, rayuka ne masu tarin yawa.

Sa'a ta ƙarshe ita na fi ba muhimmanci. Ɗaliba ɗaya ta zauna a matsayin uwar da ta ji ana rabon magani a ƙauye, ta zo da ɗanta mai mura tana so a rubuta mata shi. Ɗalibin da ke gabanta an hana shi Faransanci, an hana shi cewa "kashi cikin ɗari". Kyakkyawar amsa kan yi kama da haka: "Inna, wancan rabon na gari ne gaba ɗaya, ba a gwada shi a kan mura ba. Na duba ƙirjinsa, numfashinsa lafiya lau. In muka ba shi yanzu ba dalili, ranar da zai buƙace shi ƙila maganin ya ƙi aiki." Wannan ba tsoratarwa ba ce, a ƙauyukan da aka yi rabon an ga ƙwayoyin cuta masu jure wa irin wannan magani sun ƙaru. Daga nan ya faɗa mata alamomin dawowa da gaggawa, saurin numfashi, ƙin nono, zazzaɓin da ya ƙi sauka, ya kuma roƙe ta ta maimaita masa da bakinta. Wanda ya tsallake maimaitawar nan bai ci darasin ba, don "to, likita" da gyaɗa kai ladabi ne kawai, daga ƙofar asibiti sai ta tsaya wurin mai tallan magani a tire.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko binciken AVENIR na 2024, wanda aka yi a Dosso da Tahoua.