Ƙafar Mai Jifa Ce Abin Kallo a Wasan Sofbol

Da na fara kallon wasan sofbol, wanda ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda, hannun mai jifa kawai nake bi da ido, domin shi ne ke juyawa kamar fanka kafin ƙwallo ta fita. Sai daga baya na lura cewa idon alƙalin wasa yana ƙasa, wajen ƙafafu, kuma a can ne yawancin gardama take tashi.

Dokar hannu ba ta da wuyar fahimta. Dole a saki ƙwallo hannu yana ƙasa, ba ta saman kafaɗa ba, ya wuce ta gefen ƙugu, kuma wuyan hannu kada ya fi gwiwar hannu nisa da jiki. An yarda hannu ya yi zagaye guda cikakke, amma ba a yarda ya yi biyu ba. Kafin nan, mai jifa za ta haɗa hannayenta biyu a kan ƙwallo ta ɗan dakata, don kada ta shammaci mai bugu.

Maganar ƙafa kuwa ta fi haka sarƙaƙiya. Akwai wani ɗan allon roba mai tsawon santimita 61 da aka kafa a ƙasa, wanda a wasan manyan mata yake da nisan mita 13.11 daga inda mai bugu take tsaye, a na maza kuma mita 14.02. Daga kan wannan allo ne ƙafar turawa za ta yunƙura, ɗaya ƙafar kuma ta yi taku guda zuwa gaba ba tare da ta kauce daga tsakanin gefuna biyu na allon ba. Abin da aka haramta shi ne mai jifa ta bar allon, ta sake dasa ƙafar turawa a gabansa, sannan ta yunƙura karo na biyu. Wanda bai san wasan ba zai ce wannan tsanani ne, amma a tazarar da ba ta kai mita 14 ba, satar rabin mita babban zalunci ne ga mai bugu, wadda dama ƙiftawar ido kawai take da ita ta yanke shawara.

Idan aka karya doka, alƙali yakan miƙe hannun hagu zuwa gefe, amma ba ya tsayar da wasa nan take, domin mai yiwuwa bugun ya yi kyau. In ba haka ba, sai a lissafa jifar a cikin munanan jifa, waɗanda in sun kai huɗu mai bugu za ta taka a kyauta zuwa sansanin farko, wato na farko cikin wuraren da masu bugu suke zagayawa don cin maki. Na taɓa ganin wata mai jifa da aka kama sau uku a jere, tana ta duban hannunta cikin mamaki, alhali sawun takalminta yana nan ɓaro-ɓaro a gaban allon.