Baƙar ƙasar Lanzarote a kan allona

'Yan uwa masu koyon zane, ga inda aka kwana a aikin da na ɗauka na bin sawun César Manrique. Mai zane da ƙira ne, mutumin Lanzarote, ɗaya daga cikin tsibiran Kanari na ƙasar Sipaniya, daura da gaɓar Maroko. An haife shi a 1919, ya rasu a hatsarin mota a 1992. Ya ɗan zauna a New York, amma a 1966 ya tattara nasa ya nasa ya koma gida.

Sai an san ƙasar kafin a gane hannunsa. Daga 1730 zuwa 1736 duwatsu suka yi ta aman wuta a yankin Timanfaya, narkakken dutse ya binne ƙauyuka da gonaki, ya daskare baƙi ƙirin. Manrique bai damu ya zana tudu da teku yadda ido ke ganinsu ba. Kaushin ƙasar yake bi, shi ya sa yake cuɗa fenti da yashi har allon ya yi tudu da kwari. A ganina nan ne gwanintarsa take, kuma nan na fi daɗewa.

Na samo filawud, na tankaɗe yashi na raba mai laushi da mai tsakuwa, na kwaɓa kowanne da farin gam irin na kafintoci da dakakken gawayi. Mai tsakuwar nake fara shafawa da ƙaramin cokalin magini, in bar shi a inuwa. Idan ya fara shan iska sai in ja bakin cokalin a kansa, ya tattare ya tsage kamar ƙanzo a gindin tukunya. Kada ku toshe tsagar nan, ita ake nema. Bayan ya bushe sarai sai launi, kuma baƙi ɗaya ba ya isa. Ina zuba baƙi mai ruwa-ruwa ya gangara cikin ramukan, sannan in dangwali jar ƙasa da busasshen buroshi in goga a kan tudun kawai, can gefe ɗan toka-toka. Ku jingina allon inda hasken taga zai buge shi ta gefe. A ƙarƙashin ƙwan lantarki duk wahalar nan ɓacewa take yi.

Ɓangaren ƙira kuwa da saura. Manrique ya ƙera manyan ƙarafa masu juyawa da iska, ana ganinsu a shataletalen tsibirin, kuma a 1968 aka kafa dogon ginshiƙinsa na karrama manoma, wanda aka haɗa da tsofaffin tankunan ruwa na jirage aka shafe da fari. Nawa mai juyawa da iskar ƙarami ne: fukafukan langa-langa a kan boris ɗin keke, mai walda na unguwarmu ya liƙa mini sandar (ya tambaye ni ko fanka ce). Yana juyawa, sai dai yana rinjaya gefe guda. Wanda ya san dabarar daidaita nauyi ya taimaka.

Allo na gaba gonakin inabi na La Geria ne, inda ake haƙa wa kowane tushe rami a cikin baƙar toka mai riƙe danshi, a kewaye rabinsa da katangar dutse saboda iska. Katangun zan gwada su da fasassun kasko.